Dantsen Zulai a Hannun Suruki

Zulai mai daddawa ta haura shekara talatin tana cin kasuwar Makarfi daga Kudan. Mace ce mai baki, direban da ya taka mata kwando sai ya gwammace bai fito ba ranar. Mutum ɗaya ne ke sa ta yi laƙwas, wato Lawal, mijin 'yarta ta fari Hauwa'u. Ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce baban su Huzaifa, in ya shigo gaisuwa bango take kallo.

Abin haushi, Lawal ɗin shi ne ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin unguwarsu. Da ciwon kai ya dame ta bara, shi ya ɗaura mata abin awon jini. Ga ta zaune, mayafi har hanci, dantsenta a hannun suruki, zufa na keto mata. Lambar sama ta nuna ɗari da saba'in. Ya ba ta magani. Ta koma, lambar ba ta sauka ba, ya ƙara mata. Daga nan jiri ya fara ɗibarta in ta miƙe, har ta faɗi dab da tukunyar kalwa. 'Ya'yanta suka yanke cewa ta bar kasuwa. Zulai ta sha kuka, don can ne duk jama'arta suke.

Da Lawal ya tafi kwas Zariya, wata ma'aikaciya, Wasila, ta karɓe ta. Ta bar ta ta huta, suka taɓa hirar tsadar kalwa, sannan ta auna. Ɗari da biyar. Kwana uku a jere haka. Wasila ta ce mata jini ba ya zama wuri ɗaya, sauri da tsoro da kunya duk suna ɗaga shi na ɗan lokaci. Ta tambayi wanda ke auna ta.

"Baban su Huzaifa," in ji Zulai, tana kallon ƙasa.

Likita ya duba, ya ce hawan jinin akwai shi amma kaɗan ne, ya rage maganin. Jiri ya tafi.

Lawal ya dawo ya ji labari, abin ya dame shi ƙwarai. Ya durƙusa a bakin ƙofarta ya tambayi dalilin da ya hana ta faɗa masa tuntuni. Zulai ta juya wajen Hauwa'u.

"Ce masa ba komai. Ce masa kuma gobe da sassafe zan hau mota, a fito min da kwanduna."