Hannun Ammu Garib

Da sunan Allah na buɗe baki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Sabah 'yata, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana irin ta 'yan makaranta. Labarin Ammu Garib mai shayi nake so ya zauna a takarda, tunda ƙasa ta rufe shi, ni ma ba daɗewa zan yi ba.

Ammu Garib ba danginmu ba ne, Ammu ɗin na girmamawa ne, kamar a ce Baffa. Uwarsa Nafisa ce ta zo da shi garinmu yana yaro daga wajen Sohag, nan kudancin Masar, bayan ubansa ya rasu. Ya tashi yana saran rake a gonakin mutane, da ƙarfi ya fara ja baya sai ya kafa rumfar shayi a bakin babban titi, daidai inda gadar magudanar ruwa take fitowa. Aure ɗaya ya yi, matar ta rasu ba haihuwa, bai ƙara ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar gurasa. Shayinsa baƙi ƙirin, sai ka sha ka ji haƙoranka sun manne.

Titin nan kuwa kowa ya san halinsa. Manyan motocin rake, ƙananan bas masu gudu kamar ana binsu da wuta, ga babura, ga jakuna, ga yara masu tsallakawa makaranta. In aka ji ƙarar birki, kafin kowa ya ɗaga kai Ammu Garib ya yar da buta ya isa wurin. Ya fasa albasa ya kai wa mutum hanci, ya ɗura masa ruwan sukari, ya saɓa shi a kafaɗa, ya tsaya tsakiyar titi sai wata mota ta tsaya. Motar asibiti nesa take, kafin ta zo rana ta juya. Shekara da shekaru haka yake yi, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Jallabiyarsa ba ta rabuwa da tabon jini. Liman ya taɓa ambatonsa a huɗuba, ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar ango.

Ranar da abin ya zo gidana, ina tsugune gaban tanda. Ragab ɗana, yayanki, ya fita a babur zai je shimfiɗa tayil a wani sabon gida. Motar rake ta goge shi a bakin gada. Ammu Garib ne ya ɗauke shi, ya cusa shi a tuktuk, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya ɗora kansa a cinya har asibitin gari. Da na isa na tarar da shi a ƙofa, jinin ɗana har gemunsa. Na kama hannunsa na sumbata. Wallahi na sumbata, gaba da baya.

Ragab ya rayu, amma daga ƙirji zuwa ƙasa babu. Hannuwa ma sai dai ya ɗaga su, yatsun ba sa kama komai. Iyayen yarinyar da zai aura suka dawo da zoben a cikin hankici. Abokai suka yi ta zuwa, suka rage, suka daina. Mutum ɗaya ne bai daina ba. Duk Juma'a bayan an sauko, Ammu Garib zai rufe rumfa ya shigo da akwatin wasan domino a hammata. Tunda Ragab ba ya iya riƙewa, shi yake jera masa nasa, ya jera na kansa, ke nan yana ganin duka biyu.

"Tsohon ɓarawo!" in ji Ragab. "Ka leƙa nawa, na gan ka!"

"Ni? Wa zai leƙa wannan tarkacen? Ko jakin Liman ya fi ka iya wasa."

"To ka kira jakin mana, ƙila shi yana tsoron Allah."

"Ummu Ragab, kina jin ɗanki? Haka ake yi wa wanda ya ƙwato shi daga bakin Mala'ikan mutuwa?"

A ranar Juma'a kaɗai nake jin dariyar ɗana.

Sai ga Daktura Nahid daga jami'a. Yarinya ce siririya mai tabarau, tana bin gida gida, duk wanda titin nan ya taɓa sai ta zauna da shi. Ta ce bincike suke yi, su gane abin da yake faruwa da mutum daga inda ya faɗi zuwa gadon asibiti. Na ba ta shayi, na zauna daga bakin ƙofa ina tsinkar ganye.

Ta tambayi Ragab, "Bayan ka faɗi, ka tuna ko ƙafafunka suna motsi?"

Ya ce, "Suna yi. Takalmina ɗaya ya fita, ina ta laluben shi da ƙafa."

"Yaushe suka daina?"

Ya kalli rufin ɗaki. Ya ce, "A tuktuk. Wuyana a lanƙwashe yake, muka faɗa wani rami, na ji kamar wutar lantarki ta bi bayana. Shi ke nan."

Na ga yadda Dakturar ta cire tabarau ta goge. Da za ta tafi na bi ta har soro na riƙe gyalenta. Na ce, "Ya Daktura, don girman Allah faɗa mini abin da kika haɗiye."

Ta ce, "Ya Hajiya, ba zan iya rantsuwa ba, Allah ne masani. Amma ƙashin wuya in ya tsage, jijiyar da ke ciki tana iya zama lafiya. Ɗauka da lanƙwasawa ne suke tsinka ta. Mun ga irin haka da yawa a wannan titin. Da yawansu kuma hannu ɗaya ne ya kawo su."

Na koma ɗaki. Ragab ya dube ni ya ce, "Umma, tun ranar na sani. Ki rantse ba za ki faɗa wa Ammu Garib ba. Ba shi da kowa, ba shi da komai sai wannan."

Ban rantse ba, amma na yi shiru. Juma'a ta zo, na kawo musu shayi, na kalli hannuwan nan suna jera domino, na fita bayan gida na cusa gyale a baki don kada su ji kukana. Ba haushinsa nake ji ba. Da haushi ne da ya fi sauƙi.

Bayan haka Daktura ta shirya koyarwa a makarantar gari, aka kira direbobin tuktuk da masu rumfuna, a nuna musu yadda ake yi da wanda mota ta buge. Ta je rumfar Ammu Garib da ƙafarta. Direbobi ne suka ba ni labari suna dariya. Wai ya ce mata, "Ke 'yata, ina ɗaukar mutane tun uwarki tana wasan 'yar tsana. Ni za a zaunar a benci? Sha shayinki ki gaida malamanku." A satin kuma ya ɗauki wani dattijo da bas ta buge, a kafaɗa, kamar buhun albasa.

Nan na rasa barci. In na yi shiru, gobe ɗan wata ne, kuma ranar tsayuwa Allah zai ce mini kin sani. In na faɗa, na yanka mutumin da ya ba ɗana ransa, na kuma raba Ragab da abokinsa ɗaya. Na yi istihara, na sake yi. Ban ga mafarki ba, sai dai zuciyata ta ƙi kwanciya.

Da hantsi na ɗauki mayafi na je. Ba kowa a rumfar sai shi, yana wanke kofuna.

"Marhaba da Ummu Ragab! Ko ɗan naki ya aiko ki neman sulhu? Ki ce masa sai ya yarda na fi shi."

Na ce, "Ya Ammu Garib, ajiye kofin nan." Na faɗa masa duka. Takalmin, ramin, wutar da ta bi bayan yaron, da abin da Daktura ta ce. Ban ɗaga murya ba.

Ya zauna a ƙasa, ba a benci ba. Ya buɗe tafukansa yana kallo. Can ya ce, "Yaron ya sani?"

Na ce, "Tun ranar."

"Kuma yake dariya da ni?"

Ya ce, "Sauran fa? Ɗan Sheikh Mahrus da yake kan keken guragu? Matar nan mai goyo? Su ma ni ne?" Na ce ban sani ba, Allah ya san niyyarsa. Ya ce, "Niyyata ba za ta tayar da ɗanki ba."

Ya je koyarwar. Direbobi sun ce a benci na gaba ya zauna, ya sa aka maimaita masa komai har mutane suka gaji. Ba a daɗe ba bas ta buge wata 'yar makaranta a bakin gada. Ya durƙusa ya riƙe kanta tsakanin tafukansa, ya hana kowa taɓa ta. Jama'a suka taru suna zagi. "Garib ya haukace! Ɗauke ta, tsohon banza, za ta mutu a hannunka!" Kawun yarinyar ya kwaɗa masa mari, rawaninsa ya faɗi, bai saki ba. Yana ta cewa, "Ku kashe ni, amma ba mai ɗaga ta." Haka ya zauna a kwalta mai zafi har motar asibiti ta zo da abin ɗaure wuya. Yarinyar tana nan, jiya ma na gan ta ta wuce da tulun gas a ka.

Amma bai ƙara taka gidanmu ba. Ragab ya yi fushi da ni, ya juya fuska bango, in na ba shi abinci ya ci ba tare da ya dube ni ba. Daga baya ya ce in je in kira shi. Na je. Ke ma kin je, Sabah. Liman ya je. Kullum amsa ɗaya: "Ku ce masa ina zuwa." In ya hango ni a hanya sai ya shige lungu. Ya rame, shayin ma ya daina daɗi. Kafin azumin bara zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Ragab ya ce a kai shi maƙabarta. Aka tura shi a kekensa har bakin kabari, ana zuba ƙasa ya ɗaga murya ya ce, "Ammu Garib, ban taɓa riƙe ka ba, ka ji? Ban taɓa ba!" Maza suka sunkuyar da kai.

Yanzu yana yi mini magana. Jiya ina juya shi ya ce, "Umma, da kin bari ni na faɗa masa, da ƙila ya zauna tare da mu." Ƙila gaskiyarsa. Wannan ban yi tunaninsa ba sai da lokaci ya wuce.

Allah ka gafarta wa Garib ɗan Nafisa, ka yalwata masa kabari, ka auna shi da zuciyarsa. Ajiye alƙalamin, Sabah, ki zo ki kama mini ƙafafun yayanki, lokacin juya shi ya yi.