Hoton da ya riga ni isa gidan Lami

Jiya ina tafe ina harhaɗa ƙaryar da zan yi wa Lami, ƙawata tun muna 'yan mata. Motar kasuwa ta kife da autanta Sani a hanyar Mashi, ya rasu, ni aka aika in sanar da ita. Kun san yadda muke yi: a zauna, a sha ruwa, a ce jikin ne ya ɗan motsa, sai zuciya ta shirya sannan a faɗi sauran.

Ban ƙarasa sallama ba na gan ta zube a ƙasa, waya a hannu. A hoton da ke cikin wayar an lulluɓe gawar da zane, amma ga hularsa a gefe, wadda ita ta ɗinka masa. A ƙasan hoton kuma sunan jikana ne, mai ɗaukar wa jarida hoto.

Bayan na koma gida, da jikan nawa ya shigo cin tuwo na ce, "Kai maigida, kyamarar nan taka aljanu ne a ciki?"

Ya ce, "Tsohuwa, zamani ne. Da sai an sayi fim, a kai Kano wanki, kwana uku. Yanzu ko sisi, minti biyu ya isa Abuja."

Na ce, "Ya isa gidan Lami ma. Kwana ukun nan da kake rainawa, a cikinsu ake gaya wa uwa."

Bai ƙara loma ba.

Ku masu tura irin waɗannan hotuna, a cikinku wa ya taɓa tambaya ko uwar ta ji?