Dauɗar Gefen Littafi

Mai Tebur bai taɓa karanta littafi ya kai ƙarshe ba, kuma ba ya ɓoyewa. Duk da haka, ɗalibin da ke neman tsohon littafi mai amfani wurinsa ake tura shi.

Teburinsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin kantin magani da shagon gyaran waya. Da safe ya yaye ledar da ya lulluɓe kaya, ya karkaɗe, ya jera: na likitanci a dama, na lissafi a hagu, na soyayya can baya inda mai jin kunya zai ɗauka ba a gani ba. Ƙafar teburin ɗaya gajera ce, kullum sai an tokare ta da wani abu.

Idan aka kawo masa littafi, ba ya ma buɗewa. Rufe shi yake yi gam, ya juya gefen takardun wajen haske. Hannun mutum ba ya rasa gumi da maiƙo, duk inda mai karatu ya bi sai gefen ya yi duhu. "Wannan a babi na biyu mai shi ya gudu," haka zai ce, ya tura shi gefe. Wanda kuwa ya yi baƙi har bangon baya, shi yake miƙa wa ɗalibi da hannu biyu. Dabarar ta yi masa rana shekara da shekaru. Akwai ma'aikatan jinya da akawu da suke tsayar da mota su gaishe shi, shi kuma yabo ba ya yi masa ɗaci. A gida mutum ne mai sauƙin kai, matarsa ce ke juya komai. Amma a kan littafi, ko kai ka rubuta shi sai ya yi maka gyara.

Autarsa tana aiki a wani ƙaramin asibiti, ita ce mai nemo katin marasa lafiya a cikin durowa. Wata rana ta ga wata mata ta zo ta haɗa musu rumbun bayanai a kwamfuta, inda za ka buga sunan mutum kawai komai nasa ya fito, har da shafin intanet da likita zai duba daga ofishinsa. Auta ta dawo gida ba ta da zance sai wannan. Ta samo tsohuwar kwamfutar cinya, sannan ta zo teburin.

"Baba, littafi nake so ka zaɓa mini. Na koyon haɗa rumbun bayanai da shafin intanet."

Bakinsa har kunne. Cikin 'ya'yansa ba wanda ya taɓa neman wannan a wurinsa, sai dai kuɗin mota. Ya shiga tona kwali, ya fito da wani jibgegen littafi da aka ɗinke bayansa, da shatin kofin shayi a bango, gefensa baƙi wuluk har ƙarshe.

"Wancan koren na ƙasa fa?" Ta nuna wani siriri, gefensa fari tas, da ke tokare da ƙafar tebur.

"Wannan? Ai aikin da ya fi iyawa ke nan yake yi. Ko buɗe shi ba a yi ba."

Rabin farko na jibgegen ya tafi lafiya lau. Auta ta koyi yadda ake tsara bayanai layi-layi, da yadda ake tambayar rumbun ya amsa. Har ta zuba dukan 'yan gidan a ciki don gwaji, uwarta ta leƙa ta ga shekarunta a fili, ta ce a goge mata yanzu-yanzu ko a raba hali. Da aka shiga rabin baya, na shafin intanet, sai tafiya ta tsaya. Littafi ya ce a danna abu kaza, ta duba allon kwamfuta sama da ƙasa babu shi. Ta kwafi rubutun harafi bayan harafi, kwamfuta ta watso mata jan rubutu. Ta sake, ta sake watso mata. Kunya ta hana ta tambayar kowa, littafin kuwa ko a mafarki ba ta zarge shi ba. Ai Baba ne ya zaɓa.

Bayan wasu watanni ta ajiye shi a kan teburin, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Ka sayar wa mai ƙwaƙwalwa, Baba. Ni kaina ne ba ya ja. Kwamfutar ma na ɗora ta kan kabad, in na samu mai saye shi ke nan."

Da ta tafi, ya juya littafin wajen haske. Auta tana da halin lanƙwasa kusurwar takarda, tun tana ƙarama yake yi mata faɗa a kai. Ga lanƙwasar nan har shafin ƙarshe, na bayan ma an lanƙwasa an miƙe, an sake lanƙwasawa, har sun kusa tsinkewa. Yarinyar da kanta ba ya ja ba ta kaiwa nan.

Da rana tsaka ya lulluɓe teburin, abin da bai taɓa yi ba, har mai gyaran waya ya leƙo yana tambayar ko rasuwa aka yi. Ya hau mota zuwa wurin Dogo, wani tsohon mai sayen littafi a hannunsa da yanzu yake haɗa wa kamfanoni shafukan intanet. Ofishin da sanyi kamar cikin firji. Dogo na ganin littafin ya rungume shi yana dariya.

"Kai, tsohon abokina! Baba, ai da irin wannan na fara."

"To me ya sa ya ƙi yarinyata?"

Dogo ya daina dariya. Ya buɗe bayan shafin farko, ya ɗora yatsa kan shekarar da aka buga shi. "Lokacin nan Auta rarrafe take yi. Baba, ƙashin mutum ba ya canzawa, shi ya sa tsohon littafin likita yake aiki. Namu kuwa kullum sauya kaya ake yi. Rabin farkon nan yana da rai har gobe. Rabin bayan, kayan aikin da yake koyarwa an daina su, ko ni na bi shi yau jan rubutu zan gani. In za a zaɓi irin waɗannan, a fara duba shekara, a duba ko yana sa mutum ya gina abu guda da hannunsa daga farko har ƙarshe, sannan a buɗe shafi ɗaya a gwada a kwamfuta nan take."

"Amma dubi yadda ya sha hannu."

"Ya sha, a zamaninsa. Ni ma littattafan da nake aiki da su ban taɓa kawo maka ba, Baba. Wanda na gama da shi nake kawowa."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, amma maganar ta soki Mai Tebur. Ashe duk tsawon rayuwarsa littattafan da aka iya rabuwa da su yake aunawa. Dogo ya jawo durowa ya fito da wani siririn kore. "Irin wannan za ka nema mata." Mai Tebur ya gane bangon. Ya san inda irinsa yake.

A mota ya yi ta saƙa da warwara. Yana iya miƙa mata koren kawai ya ce ta gwada wannan ma, mutuncinsa na nan yadda yake. Amma ya san 'yarsa. Muddin tana ganin laifin kanta ne, ba za ta ƙara buɗe kowane littafi ba.

Ya sa reza ya raba jibgegen biyu, ya yi wa rabin farko sabon bango. Ya ɗaga teburin ya zaro koren, ƙafar ta lotsa masa bango, ya cusa mataccen rabin a gurbinsa. Da yamma ya tarar da Auta a falo tana ninke wanki da uwarta. Ya so uwar ta fita, ta ƙi ko motsi.

"Auta, ba kanki ba ne. Ni ne. Rabin littafin da na ba ki ya mutu tun tuni, ni kuma ban sani ba. Ban iya zaɓen irin waɗannan ba."

"Yau wace rana!" in ji uwar, amma a hankali ta faɗa.

Auta ta dubi littattafan biyu, idonta ya kawo ruwa. "Baba, wata nawa ina zagin kaina? Har na fara jin kunyar gaishe ka."

Ya ajiye littattafan a hannun kujera ya shige ɗaki. Ranar ba a sauko da kwamfuta daga kan kabad ba, washegari ma haka. Bai tambaya ba, ko da yake duk shigowarsa gida sai idonsa ya kai can.

Wata ranar hutu ya fito ya ga kan kabad wayam, koren littafin kuma a kife a kan kujera. Hannunsa ya riga tunaninsa, ya ɗauka ya juya gefen wajen taga. Duhu ya wuce rabi, ga kusurwoyi a lanƙwashe. Auta ta fito daga kicin da sauri ta fisge.

"Ajiye mini, Baba, ina tsakiyar aiki!"

"Dubawa kawai nake. In kin gama sai ki kawo tebur."

"Wannan ba zai zo tebur ba."

Ya janye hannunsa. Tun da yake sana'ar nan, ba a taɓa hana shi littafi ya ji daɗi haka ba.