Shatin Yatsan Gwaggo Asabe

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Gwaggo Asabe a Birnin Kudu ya san hannunsa take fara kallo kafin fuskarsa. Ƙanwar babana ce, sana'arta furannin kek, irin na kwaɓin sukari da ake bari su bushe su yi tauri. Abu ɗaya ta tsana a duniya, shatin yatsa a jikin fure. Da bayan cokalin shayi take lailaye kowane ganye har ya yi sulɓi, kuma cokalin nan bai taɓa ganin shayi ba.

Shekara biyu ina koyo a wurinta. In na miƙa mata fure sai ta ɗaga shi saitin taga. "Hafsatu, biki za mu ko zaɓe? Ga dangwalenki nan." Ta murƙushe, in sake.

Ga maƙo. A wani biki a Gwaram uwar amarya ta kama ta tana cire furanni daga kan kek tana jerawa a kiret ɗin ƙwai.

"Haba Hajiya, ba mun biya ba?"

"Kek kuka biya, fure aro ne. Wa zai tauna wannan, haƙori ya yi masa yawa?"

Akwai wani jan fure da ya aurar da 'yan mata bakwai, ni ce shaida.

Ɗan acaɓan da ya taɓa kai ta Basirka har yau yana ba da labari. Duk ramin da suka tarar sai ta sauka da kiret ɗinta, ta zagaya a ƙafa, ta sake hawa. Ya ce, "Hajiya, a haka ai sai mu iske amarya ta haihu." Ta ce, "To sai mu yi na suna."

Da aka sa ranar aurena tana kwance, hannunta na rawa, amma ta rantse ba za a sa mini furen aro ba. Kwana uku ta yi a kan farin fure guda ɗaya. Da ta gama ta ɗaga shi saitin taga, idon ya ƙi gani.

"Akwai dangwale?"

Akwai, babban yatsanta raɗau a ganye ɗaya. Na ce babu.

"Maƙaryaciya. Ungo cokali, ki shafe kafin ya bushe."

Na ce to, na fita da shi. Ban shafe ba. Saura mako biyu biki ta rasu, kuma wallahi har yanzu ina jin abin a raina.

Ranar biki, ana yanka kek na miƙa hannu na cire furen. Ƙanwar ango ta ce in ba ta ta ɗanɗana. Na ce, "Fure aro ne."

Allah Ya ji ƙanki, Gwaggo, Ya shafe miki kurakuranki duka. Wannan guda ɗayan dai yana cikin gwangwani a ɗakina, ba zan shafe ba.