Gwadabe da Birkin Gaba

A Jakara, in ana zancen mutum mai gaisuwa, sunan Malam Gwadabe mai wankin hula ake fara kawowa. Daga gidansa zuwa kasuwar Kurmi tafiya ce da kowa ke yi kafin shayi ya huce, amma shi sai ta cinye masa hantsi, don ba ya wuce dattijo a kan babur. Sai ya tsaya, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya tambayi gida da gajiya da ƙafar da ke ciwo tun bara.

Abu ɗaya ne bai taɓa gaisawa da shi ba: birkin gaba. Tun ranar da ya sayi babur aka gaya masa, kamar yadda ake gaya wa kowa a garin nan, cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi. Ya riƙe maganar fiye da karatun allo. Hannun birkin ya zama maratayar carbi.

Ranar da abin ya faru an sha ruwa. Ya ɗauko huluna zai kai unguwar Ɗan Agundi, sai ga surukinsa Alhaji Salisu a kan dakali cikin abokansa. Gwadabe ya taka birkin baya, taya ta zame a taɓo. Don ruɗewa ya damƙi na gaba, ya ji shi ƙam kamar taɓarya. Haka ya wuce uban matarsa fuu, a gaban jama'a.

Kafin la'asar saƙo ya iso daga Alhaji: tunda Gwadabe ya girma, kada ya ƙara taka masa zaure. Larai, matar Gwadabe, ta dangwarar masa da tuwo ta juya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don bai mallaki komai ba a duniya sai sunan mai ladabi.

Washegari ya tura babur wurin Kabiru bakanike a Ƙofar Nassarawa.

"So nake ka duba, in ya so ka je ka shaida wa Alhaji birki ne ya ci amanata."

Kabiru ya sauke carbin, ya matsa hannun birki, ko motsi. Ya kwance tayar gaba ya leƙa: shu ɗin da ke kama taya sabo fil, ko ƙwarzane babu. Da ƙyar ya zaro wayar birkin daga bututunta, tsatsa ta zubo ja kamar yaji.

"Malam, yaushe rabonka da taɓa shi?"

"Jiya."

"Kafin jiya fa?"

Gwadabe ya shiga gyaran hula.

"To ai kai ka yanke zumunci," in ji Kabiru. Ya sa sabuwar waya, ya ɗiga mata mai, ya ɗaure noti, ya juya tayar ya matsa, ta tsaya cak. "A hankali ake kama shi, da yatsu biyu, tare da na baya. Ba musabaha ba ce."

Gwadabe ya ce ya ji. Sai dai mutum ne da bai taɓa miƙa wa kowa yatsu biyu ba. Ya zarce Ɗan Agundi ban haƙuri. Da ya hango Alhaji a dakalin nan, tsoron sake wucewa ya kama shi, ya damƙe birkin da dukan hannu kamar ya tari aminin da ya dawo daga Makka. Babur ya tsaya. Gwadabe bai tsaya ba. Ya sauka rub-da-ciki a gaban surukinsa, takalma can baya, goshi a ƙasa.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ga abokansa. "Kun gani ko? A yaran yanzu wa zai yi maka wannan?" Ya dafa kansa. "Tashi, Gwadabe, ya wuce. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Baba," in ji Gwadabe, bai tashi ba, don ƙugun ya ƙi. Alhaji ya sa wannan ma cikin ladabi.

Daren nan Larai ta gasa masa ƙugu tana dariya. Carbi ya koma mazauninsa. Yanzu a Jakara, duk wanda ya sayi sabon babur, da Gwadabe ake ba shi misali: kada ya kuskura ya taɓa birkin gaba.