Sumar Uzair da Almakashin Issoufou

A shekarar 2012, cikin watan Rajab, Uzair ya fara zama a kujerar Issoufou wanzami. Shekararsa tara, yana sanye da harami, yana kuka. Shagon yana wani lungu a unguwar Mansur ta Makka, tsakanin mai tsire da mai gyaran waya, kuma abin da ke cikinsa kujera ɗaya ce da benci da madubi.

Issoufou mutumin Damagaram ne, siriri, mai magana a hankali. Aikin gini ya kawo shi Makka, ciwon baya ya mayar da shi sana'ar gidansu. Yaran unguwa ba sa son aska, shi kuma ba ya son a yi masa motsi, don haka ya ƙirƙiro wani yaro wai shi Wada Mai Suma. Wada baƙi ne wuluk, ɗan unguwar Mansur, a yi masa Hausa ya amsa da Larabci, kamar su. Sumarsa ta kai girman da tattabarun Harami suka yi sheƙa a ciki. A can yake ɓoye burodi da ƙwallo, wata rana har da ƙanensa da ake nema a yi wa wanka. Da ya faɗo daga rufin gida, sumar ce ta tare shi, ya yi tsalle uku ya dira a ƙofar makaranta kan lokaci. Aska na hawa kai, labari zai fara. Yaro na motsawa, Wada zai yi shiru.

Abin da Issoufou bai hango ba shi ne kowane yaro zai so ya zama Wada. Suka fara gudun aski, suna auna suma da fensir: a soka shi a kai, a girgiza, wanda nasa bai faɗo ba shi ne babba.

Mahaifin Uzair, Malam Abdulwadud, Bakano ne mai karantar da fiƙihu a gida bayan la'asar. Bai taɓa ce wa ɗansa ya je aski ba. Sai dai ya dubi kan yaron, ya gyara tabarau, ya ce, "Na ga alamar ka yi kewar Umara." Daga nan sai Tan'im a ɗaura harami, sai ɗawafi, sai Safa da Marwa, sai kujerar Issoufou, tunda ba a fita daga harami sai an taɓa gashi. A yi wa yaro ƙwalƙwal a sallame shi gida, uban ya tsaya a yi masa saisaye shi kaɗai. Cikin shekara biyu Uzair ya yi Umara goma sha ɗaya. Maƙwabta suna ta yabon ibadarsa.

Issoufou yana da ɗa a Damagaram, Hadi, wanda ya baro yana rarrafe. Wata rana ya faɗa a gaban yara cewa yaron bai taɓa jin labarin Wada ba. Uzair ya sayi littafin rubutu, ya yi wata shida yana rubuta labaran da gurguwar Hausarsa, inda kalma ta ƙi ya yi zane. Da alhazan Nijar za su koma gida aka ba wani ya kai wa Hadi. Issoufou ya jujjuya littafin kafin ya miƙa, ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan.

A hutun bazarar 2014 Malam ya yi wata uku a Kano. Sumar Uzair ta samu sarari, tana riƙe fensir huɗu. Yaran lungu suka sa ranar Alhamis ta ƙarshe kafin a koma makaranta don a naɗa Sarkin Suma. Ranar Talata Malam ya sauka. Ranar Laraba da hantsi ya gyara tabarau.

Da azahar suka iso shagon, su biyu cikin fararen harami. Uzair ya zauna, bai yi kuka ba, amma bai ɗaga ido ya dubi madubi ba.

"A share shi tas," in ji Malam.

Issoufou ya ɗauki aska ya shiga wasa ta. "Malam, na ji kana karantarwa, wai aski ya fi saisaye lada."

"Haka yake. Nesa ba kusa ba."

"Shi ne abin ke damuna. Shekara biyu ina tara wa yaro lada, ina barin babba da ƙarami. Ban kyauta maka ba. Yau da kai za mu fara. Uzair, tashi ka ba babanka kujera, ka zauna nan ka ga yadda ake yi wa manya."

A kan benci akwai ɗaliban Malam biyu suna jiran layi. Malam ya dube su. Ya kai hannu tsakiyar kansa, wajen da wanzami kaɗai ya san akwai wani tudu kamar rabin ƙwai, wanda gashi ya yi shekara talatin yana rufa wa asiri.

"Saisaye ma ya halatta," ya ce.

"Ga babba kawai, ko har yaro?" in ji Issoufou.

Malam ya yi gyaran murya. "Malamai ba su bambanta ba."

"Nawa ake ragewa?"

"Gwargwadon kan yatsa, a ko'ina."

Issoufou ya ajiye aska, ya ɗauki almakashi, ya duba yatsunsa biyar ya zaɓi ƙaramin. Ya zagaye kan Uzair a tsanake, gashin da ya zubo bai cika cokali ba.

Ranar Alhamis Uzair ya zo na biyu. Wani ɗan Sakkwato mai fensir shida ne ya ci, daga baya aka gano ya shafa zuma. Duk da haka Uzair ya yi kwana huɗu yana yawo a Mansur da matsefi a tsaye a ka, kafin makaranta ta yi nata hukuncin.

Da ya koma shagon don ya yi godiya, Issoufou yana share ƙasa, bai ko ɗago ba.

"Hadi ya aiko a gaishe da mai zane," ya ce. "Wai kunnuwan Wada sun yi girma. Matsa ƙafarka in share nan."