Dakan Ƙaiƙayi

A ƙauyenmu, kusa da Maijirgi, ba a tambayar mutum ko yana da abinci. Kunne ake kasawa. In hantsi ya yi aka ji taɓarya tana sauka a gidanku, an san za ku sha fura. In aka ji shiru kwana biyu a jere, an san rumbu ya ƙare, sai a riƙa gaishe ku da sanyin murya, ana kallon ƙasa.

Ina da shekara goma sha uku lokacin da fari ya kama mu damina biyu a jere, a shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Babanmu ya tafi ci-rani wajen Katsina, ya bar mu mu huɗu: Inna, da Kaka mahaifiyarsa, da ni, da autarmu wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Gidanmu yana da suna a noma. Kakanmu namiji ya taɓa ɗaure dami dubu a damina ɗaya, aka yi kiɗa, aka naɗa masa rawani. Ya rasu tun ban san kaina ba, amma sunan ya zauna, kuma Inna ce ta ɗauke shi a ka, ita da aka auro daga wani gari.

Ranar da hatsinmu ya ƙare ni aka zura cikin rumbu da tsintsiya. Abin da na sharo bai cika ƙwarya ba. Muka lallaɓa shi kwana uku. A rana ta huɗu Inna ta tashe ni kamar kullum, ta gyara zaman turmi, ta zuba ƙaiƙayi da ɗan rairayi don ya yi nauyi a ƙarƙashin taɓarya.

Na ce, "Inna, mi za mu daka?"

Ta ce, "Abin da na zuba. Wanga gida ba a taɓa jin shi shiru ba, kuma ba a hannuna za a hwara ji ba. So kike a ce ubanki ya gudu ya bar mu da rumbu wayam?"

Muka daka. Washegari ma muka daka. Haka muka yi wata biyu da wani abu.

Abin da muke ci a gaskiya daban ne. Ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya ragu. Ganyen jiga. Ɗan dusa da Inna take samowa a Tasawa in ta kai itace, don ta gwammace ta yi doguwar tafiya cikin rairayi da a gan ta tana neman dusa a kasuwar kusa. Ta kan shigo da ita a ƙarƙashin zane kamar kayan sata.

Yunwa tana da nata ciwo, amma ni a ganina ɓoyo ne ya fi cinye mutane a shekarar. Kowa yana ɓoye wani abu. Mai ɗan hatsi yana ɓoyewa kada a roƙe shi, marar shi yana ɓoyewa kada a raina shi. Maza suna zaune gindin gawo, da baƙo ya doso sai hira ta mutu, domin ba a san kunnen wa yake ɗauke da shi ba. Miji da mata sai su yi faɗa a kan ludayi. Na ga dattijon da ya sayar da jakinsa ya dawo yana cewa aro ya bayar. Mutane sun daina shiga gidajen juna, don kada ka tarar da abin da zai sa a ji kunyarka.

To amma dole in faɗi gaskiya, ko da tana ba ni haushi: dakan nan shi ne daɗin da muke da shi. Inna gwanar lugude ce. Takan cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta cafe, ta sauke daidai lokacin da tawa take tashi. In na yi kuskure taɓarunmu suka haɗu sai ta ce hannuna kamar na mai tuƙa tuwon gidan biki. Mu yi ta dariya, ƙaiƙayi yana shiga mana hanci. Autar kuwa sai ta dafa ƙafar Kaka ta miƙe, ta riƙa girgiza ɗuwawu daidai da saukar taɓarya. A ɗan lokacin nan nakan manta da cikina ƙwarai da gaske.

Ba mu kaɗai ba. Maƙwabciyarmu, wadda nake kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba, turminta ya daɗe da yin shiru. Wata safiya ta ɗaga murya ta bayan danga ta ce, "Ku dai ku ka sa mu ji kamar ana duniya." Inna ta amsa da dariya. Ban lura a lokacin ba cewa Gwaggo ta daina leƙo mu, ta daina aiko ɗiyarta ɗaukar wuta.

Sannu a hankali autar ta daina rawa. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna sai yatsa ya bar rami. Dilon anza ba ya zama a cikinta. Kaka ta ce wa Inna ta je ta gaya wa maigari halin da ake ciki. Inna ta ce saƙon babanmu yana hanya, a ƙara haƙuri kwana biyu.

Sai ga kamyo ya zo da jar dawa ta taimako. Ya kafe a rairayi bayan gari, maza suka tura shi har ƙofar maigari. Da shi akwai soja guda da gardi biyu. Dawar ba za ta ishi kowa ba, don haka aka ce maigari da dattawa su fid da gidajen da suka fi galabaita. Ba su sha wahala ba, tun da kowa ya san gidajen da suka yi shiru. Aka riƙa kira, ana auna tiya-tiya. Muna tsaye a bayan mata, autar tana goye a bayana, numfashinta yana taɓa wuyana da zafi.

Aka kira Gwaggo. Aka kira na gaba da mu, aka tsallake mu. Wani dattijo ma har ya juyo ya yi wa Inna murmushi, ya ce, "Gidan dubu, Allah shi ƙara rufin asiri."

Na buɗe baki zan yi magana. Inna ta kama naman cinyata ta murɗa, har sai da hawaye suka fito mini.

A hanya na ce mata, "Don mi? Kalma guda ce!"

Ta ce, "A gaban soja? In na ce an tsallake ni, sai su ce maigari ya ci amana. Kin san abin da suka yi ma na wancan gari kan buhu guda. In ja ma tsoho bulala don ƙaryar da ni na yi da hannuna?"

Gaskiya ta faɗa, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, ni da ita duk mun sani. Ranar na tsani uwata. Na faɗa, kuma ban janye ba har yau, ko da yake na daɗe da yafe mata.

Washegari ta sake gyara turmi. Na ƙi ɗaukar taɓarya, ta daka ita kaɗai. Tana cikin yi Gwaggo ta shigo ba sallama, fuska a murtuke. Ta zo ne ta amayar da abin da ya daɗe yana cinta.

Ta ce, "Wata biyu ɗiyana suna kwana da yunwa kina jin kukansu, ke kina lugude. Ko gasara ba ki taɓa miƙo muna ba. Shekara nawa muna tare, ashe haka kike?"

Inna ba ta ce uffan ba. Gwaggo ta matso, ta tura hannu cikin turmi don ta nuna mata abin da take nufi, ta damƙo. Ta buɗe tafinta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi autar da ke kwance a jikin Kaka, ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ke! Tun yaushe?"

"Tun kahin azumi," in ji Kaka.

Gwaggo ta fita da gudu ta dawo da rabin dawarta, ta daka da kanta, ta dama kunu. Ita ta je ta gaya wa maigari, ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Daga ranar aka cire kara uku a dangar da ke tsakaninmu, tukunya ɗaya muke ɗorawa, ana yi ana zagin juna ana dariya. Rabona da ganin Inna ta yi barci da rana har na manta, sai a satin. Abin da ta ji tsoro wata biyu bai faru ba, ba wanda ya ce komai a kan babanmu.

Amma autar ta riga ta wuce wurin kunu. In an ba ta sai ya dawo. Kwana shida muna gwadawa da ludayi, da yatsa, da tsumma. A na bakwai, bayan azahar, ta cika a hannun Inna.

Kamyo na biyu ya zo bayan sati uku. Wannan karon mu aka fara kira. Inna ta fita gaban mutane duka, ta durƙusa, ta shimfiɗa zanenta a ƙasa don a zuba. Gardin da ke riƙe da tiya bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Baki nawa?"

Inna ta ce, "Huɗu."

Ya cika tiya zai juye. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"A'a," ta ce. "Ukku."